A Kai Labarin Bashin Karatu Ƙauyukanmu

Malam Edita,

Daga Damri nake rubutowa, a ƙaramar hukumar Bakura. Tun Afrilun 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar asusun NELFUND, mai bai wa ɗaliban manyan makarantun gwamnati bashi marar kuɗin ruwa. Ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, a ba shi naira 20,000 duk wata, biyan bashin kuwa sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Amma iyaye da yawa a nan ba su ji ba, wasu kuma suna tsoron akwai riba a ciki. Ga shi ta intanet ake cike takardar neman bashin, da lambobin NIN da BVN da JAMB, abin da ke gagarar ɗan manomi.

Ina roƙon Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara ta haɗa kai da limamai da hakimai da ƙungiyoyin ɗalibai. Liman ya yi bayani bayan sallar Juma'a, ɗalibai masu waya su zauna ran kasuwa su taya ƙannensu cikewa, har su leƙa Maradun. A tura mata su shiga gidaje, don kada a bar 'yan mata a baya.

Wassalam,
Wani malamin firamare, Damri.