Kada A Tsayar Da Yaro Kan Turanci Kaɗai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya lissafa saɓanin harsunan mutane cikin ayoyinsa a Suratur Rum. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, maganata yau a kan yaranmu ce da ke makarantun sakandare na Nijeriya. Turanci dai tilas ne a kansu. Larabci da Faransanci kuwa, ko da yake ana jarrabawarsu a WAEC da NECO, an bar wa yaro zaɓi a manyan azuzuwa. Sai wani ya ɗauki guda, wani ya bar duka biyun don neman sauƙi. Ni abin da nake kira gare shi, yaro mai iko ya haɗa su duka, iyaye da malamai su tsaya masa.

Hujjata ta fari daga magabata take. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa, domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa, kada wani ya juya maganar a tsakani. Zaidu ya iya cikin kamar rabin wata, an kuwa ruwaito ya koyi Suryananci. A ƙasarmu ma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi wallafa da Larabci da Fillanci da Hausa, ba wanda ya ce ta wuce gona da iri.

Hujja ta biyu, ku dubi inda Allah ya zaunar da mu. Binin da Nijar da Cadi da Kamaru, su ne suka kewaye Nijeriya, dukansu kuwa ana aikin hukuma da Faransanci, Cadi ta haɗa da Larabci. Ko da Nijar ta ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, ta bar Faransanci da Turanci su zama harsunan aiki. Falken Kano yana ciniki da Hausa a Maraɗi da Damagaram, amma in aka miƙo masa takardar kwastan sai ya nemi tafinta, ya sa hannu kan abin da bai karanta ba. Tun 1996 Janar Sani Abacha ya shelanta Faransanci harshen hukuma na biyu a Nijeriya. Shela kuwa ba ta karantar da kowa, sai an sami malami da allo.

Masu musu suna cewa kaya ya yi wa yaro yawa. To, ɗan Fulani ba ya kai shekara bakwai sai ya iya Fillanci da Hausa, kansa bai fashe ba. Kuma harshe yana buɗe wa harshe ƙofa. Wanda ya san fa'ili da maf'uli a nahawu ya rage rabin wahala. Faransanci yana raba sunaye muzakkar da mu'annas kamar Larabci da Hausa, abin da ke rikita Baturen Ingila, mu kuwa da shi muka tashi. An ma jarraba haɗin an gani: makarantar shari'a ta Kano, da aka buɗe a 1934, ta koma makarantar ilmin Larabci a 1947 tana koyar da Turanci tare. A Nijar an buɗe madarasar Say a 1957, Larabci da Faransanci a zaure guda.

Waɗansu kuma suna tsoron harshen Nasara ya ɓata aƙida. Harshe ƙwarya ne, abin da aka zuba shi za a sha. Maganin wannan tsoro shi ne tsari: Alƙur'ani da farillan addini su riga, yaro ya iya rubuta Hausarsa da ajami da boko, kana a ɗora masa na baƙi.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Iyaye, in lokacin zaɓen darussa ya zo, ku je makaranta da kanku, kada ku bar yaro ya yanke shi kaɗai. Shugabannin makarantu, kada ku sa Larabci da Faransanci a sa'a guda, har yaro ya rasa yadda zai yi. Masu makarantun Islamiyya kuwa, ku nemo malamai daga 'yan'uwanmu na Nijar da suka sauke karatu da harsunan biyu, ku biya su hakkinsu a kan kari.

Allah ya ba yaranmu ilmi mai amfani, ya sa mu dace. Wassalamu.