Ka Ɗora Hoton HDR Ɗinka Na Farko, Me Kake So A Faɗa Maka?

Ka hau Dutsen Dala da yamma, rana na shirin faɗuwa, ka ɗauki birnin Kano da wayarka. Ka shigar da hoton cikin Snapseed, ka ja HDR har ƙarshe. Sama ta yi baƙi kamar hadarin Agusta, jar ƙasa ta koma kamar an zuba mata manja. Ka ɗora a Facebook ka rubuta "Ya kuka gani?" Kafin isha'i an cika ka da alamar wuta da "Kai, oga, ka iya!" To madalla. Amma a cikinsu wa ya faɗa maka abin da zai sa hoton gobe ya fi na yau?

Bari mu fara da amfanin HDR ɗin kansa. Idonka na iya ganin cikin ɗaki da hasken taga a lokaci guda, kyamara kuwa ba ta iyawa: ko tagar ta yi fari fat, ko ɗakin ya yi duhu. Shi ya sa ake ɗaukar wuri ɗaya sau uku, ɗaya mai duhu, ɗaya tsaka-tsaki, ɗaya mai haske, sannan a haɗe su. Dabarar ta daɗe. Tun a shekarun 1850 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, yake ɗaukar sama daban, teku daban, ya haɗa su hoto ɗaya. A 2010 Apple ya saka HDR a iPhone, yau kuma yawancin wayoyi da kansu suke yi. Manufar dai ita ce hoton ya kusanci abin da idonka ya gani. Shi kuwa na Snapseed da ka ja a kan hoto guda, kwaikwayo ne kawai, ba zai dawo da abin da kyamarar ba ta kama ba.

Yanzu buɗe hoton naka ka zuƙo shi. Dubi inda rufin gini ko hasumiyar masallaci ta haɗu da sama. Ka ga wani farin haske ya bi gefensu kamar an zagaye da alli? Alamar ka matsa wa hoton ke nan. Idan kuma uku ka haɗa, nemi duk abin da ke motsi: adaidaita sahu zai fito biyu, mai tafiya ya zama kamar fatalwa, domin tsakanin ɗauka da ɗauka sun gusa.

Wanda ya fi damuna shi ne fata. HDR mai yawa yana cinye inuwar fuska, ya bar baƙar fata ta yi toka-toka kamar wanda bai shafa mai ba a hunturu, ya kuma tono duk wani ƙurji da tabo. A hoton gari za a iya yafe maka. Amma da yawanku so kuke ku fara ɗaukar biki da suna ku samu na kanku, kuma gaskiya amaryar da ta kashe kuɗi a kwalliya ta ga fuskarta haka ba alamar wuta za ta turo maka ba. Ba za ta sake kiranka ba, ƙawayenta ma za su ji labari.

Wani laifin na tambayarka ne. "Ya kuka gani?" gaisuwa ce, gaisuwa kuma za a mayar maka. Ka ɗora hoton tsaka-tsakin da ba ka taɓa ba kusa da wanda ka gyara. Ka faɗi wayar ko kyamarar da ka yi amfani da ita, da hannu ka riƙe ko ɗora ta ka yi a kan wani abu. Sannan ka yi tambaya ɗaya tak: saman nan ta yi kama da ta gaske? Launin ya yi yawa? Wanda ya san aiki zai samu inda zai kama.

Za a samu mai cewa "wannan shirme ne" ya wuce. Ƙyale shi, bai ba ka komai ba. Wanda ya ce "dubi kusurwar hagu, bishiyar ta yi zobe", shi za ka riƙe, ko da maganar ta sosa maka rai, kuma za ta sosa. Kada ka goge hoton don haushi, kada ka ce hassada ce.

Gobe da yamma ka koma Dala. Jingina wayar a kan dutse don kada ta motsa, ka rage HDR ɗin zuwa rabi, ka bar wa inuwa ɗan duhunta. Ka tura wa mai maganar bishiyar tsohon da sabon tare, ka tambaye shi ko zoben ya tafi.