Allin launi da yaran Sabo ta Ibadan

Tun 1916 da aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan, fataucin goro da shanu ne ya fito da sunanta. Ba a cika ambaton masu ɗinkin hula ba, balle malaman da ke yi wa allo zayyana lokacin saukar Alƙur'ani. Yaron da ya tashi yana kallon waɗannan hannaye ya san launi tun kafin ya shiga aji.

Manhajar firamare ta tanadi darasin zane, amma sau da yawa a allon bango yake ƙarewa, a kwafa, a haddace. Allin launi, wato fastel, zai iya sauya haka. Ba ya buƙatar ruwa ko buroshi: a goga shi a takarda mai kaushi, a murje da yatsa, ja ya narke cikin ruwan ɗorawa. Aibinsa ƙura da saurin gogewa. Iyayen da ke ƙyamar zana mai rai kuwa, zayyana ta ishe su.

Ya kamata jami'an hukumar UBEC a Abuja su sa allin cikin lissafin kayan koyarwa, a kuma gayyato mai zayyana daga Sabo ya koyar tare da malamin aji.