A Ji Ta Bakin Manomi da Makiyayi Kafin a Shata Burtali



Tun 1993 Nijar ta kafa dokar filayen karkara, wadda ta haifar da kwamitocin ƙasa har a ƙauyuka. Mai gari da manoma da makiyaya da wakilan mata kan zauna su tantance burtali da mashaya, a kafa turakun siminti a idon kowa. Rigima ba ta ƙare ba, amma an san iyaka.

A Najeriya kuwa, dokar 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna. Wuraren kiwon da aka keɓe a Arewa bisa dokar 1965, da yawansu sun koma gonaki, galibi ba a tuntuɓi masu shanu ba. Ya kamata mahukuntan Katsina su leƙa Maraɗi ta Nijar su gani.

Mai karatu, daga Katsina