Darajar goɗiya na hawa a duniya, ya kamata fatakenmu su farga

Kamar yadda kowa ya sani, a unguwannin Zango na birnin Ankara irin su Nima da Maamobi, hawan Sallah ba ya cika sai an ga sarakuna da samari bisa dawaki sun sha ado. To amma in mutum ya lura da kyau, zai ga kusan duk dawakin nan ingarmu ne, kuma galibinsu daga Arewa aka gangaro da su, wasu ta Bawku ko Paga, wasu tun daga kasuwannin Nijar da Nijeriya. Wannan ba sabon abu ba ne. Tun zamanin da fatake ke kai dawaki da kanwa Salaga su dawo da goro, doki ba ya daɗewa a ƙasar kurmi saboda ƙudan tsando da cutar sammore, in ya mutu sai a sake sayo wani. Bahaushe kuwa ba ya hawan goɗiya a taro, don haka aka bar ta a ƙauye, ba a kula da ita sai lokacin barbara.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, a wasu sassan duniya lissafin nan ya juye, kuma ɗakin binciken likitocin dabbobi ne ya juya shi.

Goɗiya tana ɗaukar ciki wata 11, ta haifi dukushi ɗaya. Ke nan komai kyawunta, abin da za ta bari a duniya bai taka kara ya karya ba, alhali ingarma ɗaya yana iya barbarar goɗiyoyi da yawa a shekara. Wannan shi ne dalilin da ya sa kuɗi suka taru a kan namiji. Tun cikin shekarun 1970 masana suka fara neman hanyar kauce wa wannan. A Japan da Ingila suka koyi wanko ɗan tayi daga mahaifar goɗiya kwana 7 ko 8 bayan barbara, su dasa shi a cikin wata goɗiyar da ba ta da tsada, ita ta yi rainon cikin ta haifa ta shayar. Har ma a 1976 an ba da rahoton yadda aka ɗauki 'yan tayin doki daga Ingila zuwa Folan a cikin jikin zomaye masu rai, aka dasa su a can.

Haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jiki kuwa, wanda aka daɗe ana yi wa shanu har da 'yan Adam, sai ya gagara a kan doki. A farkon shekarun 1990 an sami dukushi biyu kacal ta wannan hanya a Faransa, daga nan aka shafe kusan shekara 30 ba wanda ya iya maimaitawa yadda za a dogara da shi. Matsalar ita ce maniyyin ingarma ba ya nuna a cikin faranti yadda yake nuna a jikin goɗiya, sai ya yi ta kewaya ƙwan ya kasa huda shi. Da aka ga haka sai aka bi ta bayan gida: a kama ƙwayar maniyyi guda ɗaya da siririyar allura a tura ta cikin ƙwan da hannu. An haifi dukushi na farko ta wannan dabara a Jami'ar Jihar Kolorado ta Amurka a 1996. Yau a wurare irin su Kiremona ta ƙasar Italiya, ana zuƙo ƙwai daga jikin goɗiya tana tsaye, a yi masa wannan allura, a raine shi kamar mako guda, sannan a daskarar da shi cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, ya jira ranar da za a dasa shi. Sai a 2022 ne tawagar Farfesa Katrin Hinrichs ta Jami'ar Fensilbaniya ta sanar cewa in an bar maniyyin ya yi awa 22 cikin wani ruwa na musamman, yana iya shiga ƙwan da kansa ba allura, kuma an haifi dukushi uku lafiya lau.

Mai karatu da ke zaune a kasuwar Aflao ko Sinkase zai iya cewa, ina ruwan biri da gada? Akwai ruwansa kuwa. Goɗiya mai kyau yanzu tana iya samar da 'ya'ya da yawa a shekara ɗaya ba tare da ta ɗauki ciki ba. A Ajantina, goɗiyoyin wasan folo suna ci gaba da wasa a fili, wasu na haifa musu 'ya'ya a barga. Daga can ne attajiran Kano da Kaduna da Legas ke sayo dawakin folo da kuɗi masu kauri, kuma duk dokin da aka sauke daga jirgi, wani bafatake ne namu ya rasa ciniki. Bayan haka, abin da ke ƙetare iyaka ya fara sauyawa. Da doki ne mai cin harawa da dusa a hanya, mai iya kamuwa da cuta kafin ya isa; yanzu yana iya zama 'yar tukunya da ake ɗauka a bayan mota.

Ba muna cewa gobe za a buɗe irin wannan ɗakin bincike a Nima ba ne. Aiki ne na dubban daloli, yana buƙatar wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa da ƙwararrun da suka yi shekaru suna koyo, kuma ko a can ba kowane ƙwai ne ke zama dukushi ba. Hukumomin tseren dawakin Ingila da Amurka ma har yau ba sa rajistar dokin tseren asali sai wanda aka samu ta barbara. Saboda haka duk wanda ya zo wa bafatake da labarin wata allurar da za ta sa goɗiyarsa ta haifi dokin Larabawa, a nemi takardarsa ta likitan dabbobi kafin a buɗe jaka.

Inda gizo ke saƙar shi ne asali. Duk wannan fasaha ba ta ƙara wa doki komai, yawaita abin da ke akwai kawai take yi, kuma ba wanda zai kashe kuɗi ya yawaita dabbar da ba a san uwarta da ubanta ba. Mu kuwa a kasuwanninmu, daga Maigatari zuwa Bawku, ana sayar da doki ne da launinsa da haƙoransa da bakin dillali. A ce akawal ne, ko kili, ko bidi, a duba tafiyarsa, a yi ciniki. Tambayi wace goɗiya ta haife shi, sai a yi maka dariya. Alhali dawakinmu suna da abin da na waje ba su da shi, wato jure zafin rana da doguwar tafiya da ƙarancin abinci. Irin nan ba ingarmun da muke yi wa ado ne kaɗai ke riƙe da shi ba, yana jikin goɗiyoyin da talakan ƙauye ke sayarwa da araha duk ran da damina ta yi gardama.

Don haka muna kira ga sarakunan Zango da shugabannin fatake da dillalai da su fara abin da ba ya buƙatar dala ko ɗaya: littafi a kowace barga da kowace kasuwar dawaki, a rubuta uwa da uba da garin da aka haifi doki da shekararsa da cututtukan da ya yi. Masu hali daga cikinmu su daina tara ingarmu zalla, su sa kuɗi a riƙe goɗiyoyi masu kyau a Arewa, inda ƙasa ta karɓe su. Makarantun koyon likitancin dabbobi na Legon da Kumasi, da cibiyar Pong-Tamale, su ma su waiwayi doki, kamar yadda cibiyar Shika ta Zariya ta daɗe tana aikin barbarar shanu ta hanyar allura. A fara da duba lafiyar goɗiyoyi da gwajin ciki da na'ura a kasuwannin kan iyaka, ko da sau ɗaya ne a wata.