Mai Neman Dakta A Ilmin Abinci, Ya Fara Leƙa Tukunyar Ƙauye

Yau ina so mu yi magana a kan wani abu wanda da yawa a cikinmu za su ce ba ruwan manomi da shi, watau irin horon da ake yi wa masu neman digiri na uku, wanda ake kira digirin digirgir, a fannin ilmin abinci da gina jiki. Wani zai ce, "Mu da ke fama da kuɗin taki, ina mu ina zancen dakta?" To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Ni dai a ganina zancen nan ya shafi akushin kowane gida, tun daga Gwandu har Kalgo.

Ga shinkafa, ga tamowa

Jihar Kebbi ta yi suna wajen noma. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen Babban Banki ga manoman shinkafa cikin watan Nuwamba na 2015. Manyan motoci suna fita da shinkafar fadamunmu da albasar Aliero zuwa kudu. Duk da haka, binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 66 cikin 100 na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A wannan bincike ba jihar da ta kai mu, gama lissafin Nijeriya duka kashi 37 ne. Abin nufi, cikin yara uku, biyu ba su yi girman da ya kamata ba. Tsumburewa kuwa ba a jiki kaɗai take tsayawa ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya je makaranta karatu ya yi masa wuya.

Ashe cika rumbu dabam, ciyar da yaro dabam. Tsakanin rumbu da bakin yaro akwai ajiya, da surfe, da niƙa, da dafuwa, da ruwan sha, da abin da uwa ta sani. Wannan tsakani shi ne filin masu ilmin abinci.

Makarantun kuwa ba nesa suke ba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta yana ƙasar Kalgo a kan hanyar Bunza. Ta jiha tana Aliero tun 2006. Ta Sakkwato ta fara a 1975, ta Zariya kuwa a 1962, ga kuma cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Saboda haka muna da ikon tambaya: wane irin horo ake yi wa waɗanda za su zama malaman malamai a kan abincinmu?

Yadda horon yake

Mai neman wannan digiri ya riga ya gama na fari da na biyu. Yakan yi shekara uku ko fiye a ƙarƙashin wani babban malami. Ana koya masa dabarun bincike, da lissafin ƙididdiga, da aikin ɗakin gwaje-gwaje, da yadda ake rubuta sakamako a mujallun masana. Daga ƙarshe ya rubuta kundi, a gayyato malami daga wata jami'a ya yi masa tambayoyi. Duk wannan daidai ne, ba na kushe ko ɗaya. Wanda bai iya awo ba, ba zai gaya mana gaskiya ba. Amma ina ganin akwai darasi babba da ya kamata a ƙara.

Wata shekara waɗansu masu bincike suka zo wani ƙauye inda nake aiki. Suka auna yara a sikeli, suka ɗaura musu tsirin awo a damtse, suka cika takardu, kafin la'asar sun koma birni. Wata tsohuwa ta tambaye ni abin da aka gani a jikin jikanta. Na ce ta jira, za su aiko. Har yau ba su aiko ba. Ba na zaton mugunta ce. Ba a koya musu ba ne cewa mayar da amsa ga mutanen da aka auna yana cikin aikin.

Abu huɗu da nake roƙo

Na ɗaya, a sa kowane ɗalibi ya zauna a ƙauye, ba yini ɗaya ba. Ya zo cikin Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, uwaye suna gona, zazzaɓi da zawo suna kama yara. Ya sake dawowa da kaka, sa'an nan da bazara. Wanda ya zo Diggi ko Kambaza cikin Disamba kaɗai zai rubuta cewa abinci ya wadata, ya yi kuskure alhali bai yi ƙarya ba. Gani ya kori ji.

Tarihin wannan ilmi ma yana goyon bayana. Wata likita mai suna Cicely Williams ta yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Ghana. A 1933 ta bayyana ciwon nan na yara mai kumbura ƙafa da sāke launin gashi, a 1935 kuma ta kira shi da sunan da mutanen Ga suke kiransa, watau kwashiyoko, ciwon da yaro kan yi idan an yi masa ƙane. Mu ma mun san kwanika da abin da take jawowa. Likitar nan ta sami haske ne domin ta saurari matan wurin.

Na biyu, a ɗauko tambayoyin bincike daga madafarmu da rumbunmu. Ga kaɗan. Masana sun san gero da dawa suna da wani sinadari mai hana jiki shan sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, sun kuma san jiƙo da tsimawa suna rage shi. To, awa nawa ya kamata gero ya yi a ruwa kafin a yi gasarar kokon yaye? An san ɗan garin tsiron hatsi yana tsinka kunu mai kauri, har yaro ya sha da yawa ba tare da an ƙara ruwa ba. Cokali nawa ya isa kofi ɗaya? An san kanwa tana lalata waɗansu bitamin. Nawa ake asara a kunun kanwa, in an gwada da na tsamiya? Zogale da kuka da rama, shanyar inuwa da ta rana, wace ta fi riƙe amfaninsu a irin zafinmu? Garin busasshen kifin fadama, nawa za a zuba a kunun yaro ɗan wata takwas?

Dubi kuma shinkafa. Tun farkon ƙarni na 20 aka lura a Malaya cewa masu cin shinkafar da aka turara kafin a sheme ba su cika kamuwa da ciwon beriberi ba, masu cin fara tas kuwa suna kamuwa. Dalili shi ne turarawa tana tura bitamin daga dusa zuwa cikin ƙwaya. Matan ƙasar nan sun daɗe suna yin gumi ba tare da sun san sunan bitamin ba. Ya kamata a sami wanda zai auna aikinsu, ya nuna musu inda za su gyara don rage itace da tsakuwa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na uku, a koya musu sha'anin guba a cikin ajiya. A 1960 talotalo kusan dubu ɗari suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa mai fumfuna, daga nan aka gano gubar da ake kira afulatoksin. Tana cikin gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, tana kawo ciwon dajin hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Mu kuwa rubabbiyar gyaɗa ita ake warewa a yi ƙuli-ƙuli ko a bar wa yara. Haka kuma a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. Turawa sun ƙi, mu muka ci. Alhali akwai buhu mai riɓi uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi bayan aikin da suka yi a arewacin Kamaru, yana kashe ƙwarin wake ta hana su iska, ba magani ko kaɗan. Me ke hana waɗansu manoma amfani da shi, tsada ce ko rashin sani? Wannan ma tambayar dakta ce.

Na huɗu, kada a ba kowa digirin nan sai ya koma inda ya yi bincike, ya tsaya a ƙofar mai gari ko a ɗakin shan magani ranar awon ciki, ya faɗi abin da ya gano da Hausa ko Fulatanci ko Zabarmanci. Ya kuma rubuta shafi biyu waɗanda malamin gona da ungozoma za su iya karantawa. Wanda ya kasa bayyana wa uwa abin da ya gano, ina shakka ko shi kansa ya gane.

Abin da za a ce mini

Za a ce digiri na uku na duniya ne, tilas ya yi daidai da na Landan. Gaskiya ne. Amma auna kokon Dalijan da kyau bai fi auna madarar gwangwani sauƙi ba, sabon abu ne kuma ga duniya. Ku tuna abincin nan na gyaɗa da madara da ake ba yara masu tamowa: masana a Faransa suka haɗa shi a 1996, amma a Maraɗi, lokacin yunwar 2005, duniya ta ga ƙarfinsa, da aka ba uwaye su ciyar da 'ya'yansu a gida. Geron nan mai yawan sinadarin ƙarfe da ake kira Chakti, a Nijar aka fitar da shi a 2018, bayan gwaji a gonaki.

Za a ce babu kuɗi. Asusun TETFund yana biyan karatun malaman jami'a. Kuɗin zama a Gwandu wata uku bai kai na tikitin jirgi ɗaya zuwa Turai ba. Za a ce akwai rashin tsaro a waɗansu wurare. Wannan ma gaskiya ne, kada a tura ɗan kowa inda ba lafiya. Amma a zaɓi inda ake iya zuwa, a shiga ta hannun hakimai da dagatai.

Namu aikin

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In masu bincike sun zo, mu karɓe su, mu faɗa musu gaskiya, kada mu ce yaro ya ci ƙwai alhali bai ci ba. Amma kafin a fara awo, mai gari da shugabar mata su tambaya: yaushe za ku dawo da amsa? A rubuta ranar.

Daɗin daɗawa, mu bar 'ya'yanmu mata su yi karatu mai zurfi. Namiji baƙo ba ya shiga cikin gida ya zauna bakin murhu, mace kuwa tana shiga. Ranar da 'yar Kalgo ko 'yar Gwandu za ta tsaya da digirinta ta ce wa iyayenta mata, "Inna, ga yadda za mu gyara kunun nan," ran nan ne karatun zai shiga tukunya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah ya raya mana yaranmu, ya ba mu damina mai albarka.