Birin da Ya Haɗiye Kuɗi da Birin da Ke Kawo Su

Masu karatu ba za su manta da watan Yunin 2019 ba, lokacin da labari ya ɓulla cewa goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 a gidan zoo na Kano. Gari ya yi ta dariya, har jaridun ƙetare suka ɗauka. Daga baya gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje, ya fito ya ce ai ko goggon biri babu a gidan. Wannan labarin ne ya faɗo mini a rai ina tsaye cikin caɓi har idon sawu, a gefen wani tsauni a arewacin Ruwanda, numfashi na neman gagarata, ina jiran a nuna mini goggon biri na gaske. A can, biri ba ya cin kuɗi. Shi ke kawo su.

Tun kafin a tambaye ni, bari in faɗa: ba aljihuna ne ya biya ba. Waɗanda suka gayyace mu taro a Kigali ne suka ɗauki nauyi. Takardar izinin ganin biran dala 1,500 ce ga baƙon da ya zo daga nesa, kuma awa ɗaya tak za ka yi a gabansu. Da na faɗi haka a majalisarmu bayan na dawo, wani dattijo ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni ya ce, "Malam, lafiyarsu ƙalau kuwa? Ga birai nan a Yankari suna ƙwace wa mutane burodi kyauta." Na ce masa, "Baba, waɗancan bika ne, wannan wani abu ne daban." Bai gamsu ba. Ni ma kafin in hau tsaunin ban gamsu ba.

Daga Kigali zuwa garin Musanze tafiyar awa biyu da rabi ce, hanya tana ta nannaɗe duwatsu. Da sassafe ake taruwa a Kinigi, inda ofishin gandun dajin biran yake, a raba mutane takwas-takwas, kowane rukuni da dangin biran da zai ziyarta. Ba a ƙara ko mutum ɗaya, ba a ɗaukar yaron da bai kai shekara 15 ba, mai mura kuma sai dai ya haƙura. Daga nan mota ta kai mu ƙarshen hanya, muka ratsa gonakin dankalin Turawa da ƙafa, har muka isa wata katangar duwatsu da aka gina don hana ɓauna fita ta yi wa manoma ɓarna. Bayan katangar daji ne, daji na sosai: gora ta yi rumfa, ƙasa baƙa mai santsi, ga wani ganye mai harbi da ke ratsa wando ya bar maka zafi kamar cizon rina.

Na so in yi girman kai in ƙi ɗaukar ɗan dako. Allah ya taimake ni na ɗauka. Saurayi ne siriri cikin takalmin roba, ya karɓi jakata, ya miƙo mini sanda, duk inda hawa ya yi tsanani sai in ga hannunsa a gabana ba tare da ya ce uffan ba. Tsayin wurin ya haura mita 2,500 sama da teku, ɗan Kano kuwa bai saba da iska mai ƙaranci haka ba. Bayan awa biyu muka tarar da masu bin sawu, waɗanda tun asuba suke biye da biran daga inda suka kwana, suna sanar da ɗan jagoranmu ta oba-oba. Aka ce mu ajiye sanduna da abinci, mu sa takunkumi.

Wari na fara ji, irin na gumi da ɗanyen ganye. Sai ɗan jagora ya yi wani gurnani a maƙogwaro mai kama da gyaran murya, wato sallama ke nan a yarensu. Daga cikin ciyawa aka amsa. Ga shi nan zaune, uban gidan, bayansa fari fat da furfura, kafaɗunsa sun kai faɗin ƙofar zaure, yana ɓare karan gora da yatsu a natse kamar dattijo na ɓare rake. Irinsa kan kai kilo 180. Ya dube mu sau ɗaya ya kawar da kai. Wata uwa tana kwance rigingine, jaririnta na hawa cikinta yana zamewa, ta kama ƙafarsa ta jawo shi ba tare da ta buɗe ido ba. Na sha ganin wannan jan ƙafar a tsakar gidanmu. Mu kan ce biri ya yi kama da mutum. To wannan ko wutsiyar da za ta raba gardama ba shi da ita. Dokar ita ce a bar tazara mai yawa tsakaninka da su, amma su biran ba wanda ya karanta musu dokar. Wani matashi ya zo ya wuce ta gefena har gashinsa ya shafi wandona, ni kuwa na ƙame ina salati a zuci.

Takunkumin nan ba ado ba ne. Halittar biran ta yi kusa da tamu ƙwarai, har murar da za ta kwantar da kai kwana biyu tana iya kashe su. Kuma ba su da yawa. A duk duniya, goggon birin tsauni wuri biyu kawai yake rayuwa: tsaunukan Birunga da Ruwanda da Yuganda da Kwango suka haɗa iyaka a kansu, da kurmin Bwindi na Yuganda. A farkon shekarun 1980 na Birunga sun ragu zuwa kimanin 250, masana na ganin ba za su kai ƙarshen ƙarni ba. Ƙidayar da aka kammala a 2018 ta nuna jimillarsu 1,063. Ga dabbar da macenta ke haihuwar ɗa ɗaya a kusan shekara huɗu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Me ya dawo da su? Turawa za su ce maka Dian Fossey, Ba'amurkiyar da ta kafa sansanin bincike na Karisoke a 1967 aka kuma kashe ta a can a 1985. Ta yi ƙoƙari, ba na musu. Amma ni abin da na gani da idona shi ne hannun ɗan dakon nan. Da yawa daga cikin masu wannan aikin 'ya'yan mafarauta ne, wasu ma su da kansu sun taɓa ɗana tarkon gada a dajin, tarkon da kan guntule wa ɗan biri hannu. Yau abin da ɗan dako yake samu a hawa ɗaya ya fi abin da tarko zai ba shi. Tun 2005 Ruwanda ke ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar gandayenta ga ƙauyukan da ke kewaye, a 2017 ta mayar da shi kashi 10, ana gina azuzuwa da asibitoci da tankunan ruwa. Har bikin suna suke yi wa jariran biran duk shekara, suna kiransa Kwita Izina. Manomin da ɗansa ke karatu a ajin da biri ya gina ba sai an tsaya masa da bindiga ba. Saboda haka ni dai ina bayan tsadar nan. Mutum takwas masu biyan kuɗi da yawa sun fi mutum ɗari masu biyan kaɗan su tattake dajin su bar tari a baya.

Sai dai kada a ɗauka tuwon ba shi da tsakuwa. A Yuganda, inda takardar take dala 800, an fitar da 'yan ƙabilar Batwa daga kurmin Bwindi a 1991 lokacin da aka mayar da shi gandun gwamnati. Mutanen da suka zauna da biran nan tun kaka da kakanni ba su ƙarar da su ba, su aka kora ba tare da an ba su ƙasa ba. Sai a 2021 kotun tsarin mulkin ƙasar ta amince an zalunce su. Yau wasunsu rawa suke yi wa baƙi a bakin dajin da aka haife iyayensu a ciki. Duk wanda zai yabi wannan tsari ya ambaci wannan, in ba haka ba yabonsa rabi ne.

Kuma abin da aka gina kan baƙo, ranar da baƙo bai zo ba sai ya girgiza. A Yunin 2020, annobar korona ta rufe hanyoyi, ba mai zuwa, aka tsinci gawar wani sanannen uban birai mai suna Rafiki a Bwindi, an soke shi da mashi. Wanda ya yi, farautar ƙananan namun daji ce ta kai shi. Kotu ta ɗaure shi shekara 11. A ɓangaren Kwango kuwa, gandun Birunga, wanda aka kafa a 1925 kuma shi ne na fari a Afirka, ya rasa ma'aikatan tsaro sama da 200 a hannun 'yan bindiga. Wannan ba sai an fassara mana ba. Mun san abin da dajin Kamuku na Birnin Gwari ya zama, mun san halin da gandun Kainji ke ciki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan: Najeriya ma tana da goggon biri. Ba na gidan zoo ba, na daji. Yana tsaunukan Afi da Mbe da Okwangwo a jihar Kuros Riba, har zuwa cikin Kamaru, kuma bai fi 300 ba, wato ya fi na Ruwanda ƙaranci nesa. A 2020 kyamarorin da aka ɗaure a jikin itatuwa a tsaunin Mbe suka ɗauko hotonsu ɗauke da jarirai, kuma ƙauyuka tara na yankin ne suka haɗa kai suke gadin wurin. Ba ina cewa gobe a fara kai musu baƙi ba; biran da aka daɗe ana farauta tsoron mutum ne kariyarsu. Amma na tambayi 'yan majalisarmu su goma sha ɗaya ko akwai wanda ya taɓa jin labarinsu. Babu. Labarin miliyan 6.8 kuwa kowa ya haddace shi.

Da muka sauko muka tsallake katangar, wata mata na duƙe tana tonon dankali, goyo a bayanta, ko ɗago kai ba ta yi ba. Na tambayi ɗan jagora ko ta taɓa ganin biran. Ya yi dariya ya ce tana ganinsu kyauta, duk ranar da suka tsallako suka ɓare mata bawon itacen turare, kuma a ranar ba sunan biki take kiransu da shi ba.